Rediyo Ya Ce Mu Koma Tudu, To Wane Tudun? Amsa Ga Wani Mai Unguwa

Tambaya: Wani mai unguwa daga ɗaya daga cikin garuruwan bakin kogin Haɗeja ya aiko yana cewa kowace shekara rediyo na sanar da su za a yi ambaliya, su tashi su koma tudu, amma ba wanda ya taɓa gaya musu wane tudu, balle abin da za su ci in sun je. Yawancin gidajensu ginin ƙasa ne, ga rumbuna, ga dabbobi. Ƙungiyar matasan unguwar ta tara ɗan kuɗi, kai ya rabu uku: wasu na cewa a sayi injin zuƙe ruwa, wasu buhuna da yashi, wasu kuma a sayi hatsi a ajiye. Yana so ya san abin da talaka zai iya yi a gidansa, abin da unguwa za ta yi, da inda ya fi dacewa a sa kuɗin.

Amsa:

Ranka ya daɗe, maganar kuɗin zan bar ta sai can gaba, don ba ita ce babba ba. Abin da muke gani a aikin agaji shi ne, tsakanin garin da aka yi asarar rai da garin da aka tsira da asarar dukiya kawai, bambancin yakan tsaya ne a kan abu uku da aka yanke, ko aka kasa yankewa, tun ana rani: yaushe za a tashi, ina za a nufa, wa zai ɗauki wa. Ukun nan ba sa cin ko sisi. Amma in aka bari sai ruwa ya shigo tsakar gida da ƙarfe biyun dare sannan za a fara shawara, kowa zai yanke wa kansa, kuma abin da yawancin mutane ke yankewa shi ne "bari mu ɗan ƙara gani." Wannan ɗan ƙara ganin shi ke cinye mutane.

Kafin komai, ku san irin ruwanku. Na kogin Haɗeja ruwa ne mai sallama. Kogin Kano da na Challawa ne suka haɗu suka zama shi, ya bi ta Wudil, ya ratsa ƙasar Ringim, ya gangaro ta wajen Miga da Auyo da Haɗeja, ya fantsama cikin fadamun Nguru kafin ya kai Gashuwa. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, don haka ruwan da ya cika gada a Wudil yau sai ya yi kwanaki kafin ya iso ku. Kwanakin nan su ne dukiyarku, kuma ba kowa ke da su ba. Mutanen Mokwa a jihar Neja ba su samu ba: da asubar 29 ga Mayu 2025 ruwa ya faɗa wa Tiffin Maza da Unguwar Hausawa mutane na barci, aka tsamo gawa fiye da 150, ɗaruruwa suka ɓace. Mutanen Maiduguri ma cikin dare madatsar Alau ta ɓalle musu, wayewar garin 10 ga Satumba 2024, shekara 30 bayan irin haka ta faru a 1994, ruwa ya shiga fadar Shehu da Kasuwar Monday da asibitin koyarwa.

A yankinku ana yawan ɗora laifi a kan Tiga da Challawa, da zarar an ga ruwa sai a ce "an buɗe dam." Tiga tun 1974 take, Challawa tun 1992, kuma gaskiya ne ruwansu na ƙara wa kogi nauyi. Sai dai madatsa in ta cika, ruwa na bi ta makwararar da aka gina mata ne ko an so ko an ƙi, wadda kuma aka hana ta numfashi ita ce ke fashewa, kamar yadda Bagauda ta yi a watan Agustan 1988. Ga kuma ruwan sama da ke sauka a ƙasa da madatsun, ga yashi da ciyawar kachalla da suka toshe hanyoyin kogin har ruwa ya rasa inda zai bi sai gonaki da gari. Na faɗi wannan ne don kada ku zauna jiran sanarwar buɗe dam. Ana iya cin gari ba a buɗe komai ba.

To yaya za a san lokacin tashi? Hasashen NiMet, hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, da ake fitarwa a farkon shekara, da na NIHSA, hukumar lura da ruwan koguna, da ke lissafa jihohi da ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari kafin damina, suna da amfani, amma abin da suke gaya maka shi ne bana a yi hattara. Ba za su ce maka daren Talata ruwa zai kai ƙofar Malam wane ba. Wannan sai ku. A Yamai, hukumomi na auna kogin Kwara da ma'auni mai matakai, kuma kowa ya san in ya kai santimita 620 an shiga matakin ja. Ku yi irin wannan daidai ƙarfinku. A samu ƙafar gada, ko kwalbati, ko a kafa ƙarfe mai ƙwari a bakin kogi inda ake iya gani daga tudu. A tara dattawa da masunta su nuna inda ruwa ya tsaya a 2012 da inda ya tsaya a 2022, domin waɗannan shekaru biyu ba wanda ya manta su: a ta farko NEMA, hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, ta ƙirga mutum 363 da suka rasu a faɗin ƙasa, a ta biyu aka haura 600, Jigawa kuma na cikin jihohin da suka fi ɗanɗanawa. Daga nan a shafa fenti layi uku. Layin farko, a kwashe dabbobi da hatsi. Na biyu, tsofaffi da masu ciki da ƙananan yara su tafi. Na uku, kowa ya fita, ba muhawara. A yanke wannan a gaban liman da dagaci, a faɗa a masallaci ranar Juma'a, tun kafin ruwan farko. Hikimar layin ita ce ya ɗauke wa mutum nauyin yanke shawara a lokacin da hankalinsa ba ya jikinsa, ya kuma ɗauke masa kunya. Da yawa ba sa tashi ne don kada a ce su ne matsorata na farko. In fenti ne ya ce a tashi, ba wanda zai yi wa wani dariya.

Sannan ku nemi ido a sama da ku. Mutum biyu ko uku amintattu a garuruwan da ruwa ke fara bi, masunta ko 'yan fito sun fi, a riƙa sa musu kati a waya daga watan Yuli zuwa ƙarshen Satumba, su riƙa faɗa muku safe da yamma ko ruwa ya ƙaru ko ya ja. Ku ma ku yi wa na ƙasa da ku haka. Labarin kuma ya bi ta baki ɗaya. Saƙon murya na WhatsApp da ba a san mai shi ba ya sha tayar da gari a banza, in aka yi haka sau biyu, ran da na gaskiya ya zo ba mai motsawa. Lasifikar masallaci ita ce ta fi isa ko'ina, amma a tabbatar tana da batir, don daren da ake bukatarta ba a cika samun wuta ba. A kuma ware wata alama da ba ta yi kama da komai ba, ko bugun ƙarfe ko ganga, wadda yaro ma ya san ma'anarta.

Yanzu maganar wane tudu. Amsar gaskiya ita ce yawancin mutane ba sansani suke zuwa ba, gidan 'yan'uwa suke zuwa, kuma hakan ya fi musu mutunci da lafiya. Don haka kowane mai gida ya je da ƙafarsa tun yanzu wurin ɗan'uwa ko suruki ko aboki da ke kan tudu, ya ce masa in ta ɓaci zan kawo maka iyali, ga buhu ɗaya ko biyu ka ajiye mini. Buhun nan ya yi aiki biyu: ya tsira daga ruwa, ya kuma sa baƙuncin ya yi sauƙi. Waɗanda ba su da kowa, su ne za ka rubuta, ka je da sunayensu wurin hedimasta na makarantar da ke kan tudu da hakimi da ofishin ƙaramar hukuma, a san da zamansu, a san wa ke riƙe da makulli. Ka duba makarantar da idon mai zama a ciki. Ma'aunin da masu agaji ke bi shi ne lita 15 na ruwa ga mutum ɗaya a rana, sha da girki da tsarki, da masai ɗaya ga mutum 20. In mutum 200 za su sauka, lita 3,000 ke nan kullum, wato jarka 120 mai lita 25, da masai goma. Yawancin makarantunmu ba su da rabin wannan. Gara ka san haka a watan Mayu, a haƙa ƙarin ramuka da aikin gayya, a ware na mata nesa da na maza a sa musu fitila, a gyara famfon burtsatse in ya lalace.

Hanyar zuwa ma a bi ta da ƙafa, rana ɗaya bayan la'asar, da yara da kowa. Za ku tarar akwai wani kwari ko kwalbati da ke fara nutsewa tun kafin ruwa ya shigo gari, wanda ke nufin hanyar na iya yankewa alhali gidajenku a bushe. In haka ne, layinku na biyu da wannan kwarin za a auna shi.

Wa zai ɗauki wa: nan ne nake so ka fi ba ƙarfi, domin kai kaɗai ke da ikon yin sa. Ka zauna da ungozoma da wata dattijuwa da ke shiga kowane gida, ku lissafa mai tsohon ciki, mai jego, tsohon da ba ya tashi, makaho, kurma wanda ba zai ji lasifika ba, mai taɓin hankali da ake kullewa a ɗaki, matar da mijinta ya tafi ci-rani. Kowane suna a rubuta masa saurayi biyu a gefe, da amalanke ko baro ko babur ɗin da za a ɗauke shi da shi, su kuma samarin su san gidan, su san ɗakin. Kada a ce "matasa za su taimaka." Aikin da aka ba kowa, ba a ba kowa ba. Kada kuma a manta da tsangaya. Almajirai sukan kwana a zaure ko rumfa a gefen gari, ba iyayensu kusa, ba wanda zai ƙirga su sai malaminsu. A nemi malam ya ba da adadinsu, a ba manyan ɗalibai ƙanana su riƙe.

Akwai wata magana da ba a cika yi ba, ni kuwa ina ganin ta fi buhun yashi dubu. Matan aure da yawa ba za su fita daga gida ba sai da izinin miji, ko da ruwa ya kai gwiwa. Mai gida yana gona, ko ya tafi kasuwar Gujungu ko ta Maigatari, waya ba ta shiga, ita kuma tana tsaye a kan gado da goyo tana jira. Wannan ba laifinta ba ne, tarbiyyar da aka yi mata ke nan. Maganinsa a bakin miji yake. Kowane magidanci ya tara iyalinsa ya ce: in kun ji alama ba na nan, na yarje muku, ku ɗauki yara ku tafi gidan wane, can zan same ku. Liman ya faɗa a huɗuba, ya ƙara da cewa tsare rai wajibi ne. Shi ne kuma zai amsa wa masu cewa ai in kwana ya ƙare ya ƙare, da hadisin nan da Manzon Allah (SAW) ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali. A gidan da ke da mata biyu ko uku, a raba yara tun yanzu, kowace ta san waɗanda za ta ƙirga, har da 'ya'yan riƙo, don su ne ake mantawa.

Mu koma cikin gida. A garuruwa irin naku, sau da yawa ba kogi ne ke fara kashe mutane ba, ɗaki ne. Ginin ƙasa daga ƙasa yake mutuwa. Je ka tsuguna a gindin katangarka bayan an ɗauke ruwa: in ka ga wajen taƙi ɗaya ko biyu daga ƙasa ya yi duhu, ka danna da babban yatsa ya lotsa, ko ka ga gindin ya zaizaye ya shige ciki har saman ya fi shi kauri, to wannan bangon a kan bakarsa yake tsaye. Ga soro a sama ya sha marka kwana uku ya ninka nauyi, azara ta jiƙe. Da tsakar dare sai ya zauna a kan masu barci. Gyaransa aikin bazara ne: a yi yaɓe, a cike gindin bango da ƙasa mai ƙarfi a yi mata gangare don ruwa ya gudu waje, a sa indararo mai tsawo da zai jefa ruwa nesa da gini, a buɗe rariya a tabbatar ba ta zuba a gindin katangar maƙwabci. Mai ɗan hali ya yi wa gindin dakali na bulo da siminti. Amma shafe bangon ƙasa gaba ɗaya da siminti, ni ba na ba da wannan shawara. Yana riƙe danshi a ciki, yana ɓoye tsagewa, ka ga bango sumul alhali cikinsa ya zama kunu.

In marka ta yi kwana biyu ba ƙaƙƙautawa, a duba ɗakuna kafin a kwanta. Sabuwar tsaga, ƙasa na zubowa daga rufi, ƙofar da jiya take rufuwa yau ta ƙi, ƙarar azara: ko ɗaya aka gani, a fita daga ɗakin a daren, a kwana a mai rufin kwano ko a masallaci. Yara kada a shimfiɗa musu a jikin bango.

Abin da za a fita da shi kuwa bai kamata ya fi ƙarfin mace ɗaya mai goyo ba. Takardun gona da na gida, katin ɗan ƙasa, katin zaɓe, takardun makarantar yara, katin awo da na rigakafi, a naɗe su a leda, a ƙulle, a sake sa wa a wata ledar, a jefa cikin bokitin fenti mai murfi a rataye a ƙusa kusa da ƙofa. A ɗauki hotonsu da waya a tura wa wani ɗan'uwa a birni. Cikin bokitin a ƙara tocila, ashana a leda, sabulu, ɗan tsabar kuɗi ƙananan canji domin mai POS ma gudu zai yi, da maganin duk wanda ke shan magani kullum, na hawan jini ko suga ko farfaɗiya ko tarin fuka, aƙalla na mako biyu. Lambobin waya a rubuta a takarda, har da 112, lambar kiran gaggawa, saboda waya in ta jiƙe ta tafi da su. Abinci kuma wanda ba ya son wuta, don itace zai jiƙe: garin kwaki, ƙuli-ƙuli, soyayyar gyaɗa, dabino, suga. Gidan sauro da tabarma a naɗe su wuri guda. Shi ke nan. Gado da kwalla da katifa ba a mutuwa saboda su.

Hatsi, a raba shi. Rabi can tudu, rabi a nan a kan duwatsu ko katako, sama da inda ruwa ya taɓa kaiwa. Buhu mai leda biyu a ciki, wanda ake adana wake da shi, yana hana danshi da ƙwari, amma ba a yi shi don ya kwana cikin ruwa ba. Iri kuwa shi ne farkon abin da zai bar gari, a jarka busasshiya mai murfi, domin wanda ya tsira da iri zai yi noman rani in ruwa ya ja, wanda bai tsira da shi ba sai bashi. Tunda yankinku na shinkafa ne, ku tambayi malaman gona irin FARO 66 da FARO 67, waɗanda aka fitar a 2017 musamman don suna jure nutsewa har wajen mako biyu. Dabbobi su ma da wuri, tun hanya na bushe. In kuma ruwa ya riga ku, a kwance su daga turke. Akuya a sake tana iya kai kanta tudu, a ɗaure kuwa sai gawa. Wanda ke da niyyar sayar da ɗaya ko biyu ya sayar kafin kowa ya kai nasa kasuwa farashi ya faɗi.

To, ga maganar kuɗin. Injin zuƙe ruwa yana da amfani ne kawai in akwai inda za a zuba ruwan. In kogi ya fi gari tudu, ka zuƙe ta nan ya dawo ta can, ga mai, ga gyara, ga rigimar unguwar da za a fara kai wa. Hatsin ƙungiya kuma, sai dai in kuɗin na da yawa ƙwarai, ba zai ciyar da unguwa kwana uku ba, rabonsa kuma ya isa ya raba zumunci. Masu cewa buhuna sun fi kusa da gaskiya, amma ba duka kuɗin ba. Da ni ne, kashi mafi girma zai tafi ga buhuna da shebur da baro da leda mai faɗi, a fara da yashe magudanan ruwa da kwalbatoci kafin damina. Kashi na biyu, sinadarin tsarkake ruwa irin su WaterGuard ko Aquatabs, da ƙullin gishiri da suga na asibiti, da sabulu, da igiya mai kauri, da tociloli, da katin waya na masu gadin kogi. Na uku a bar shi tsaba a hannun mutum biyu, don kuɗin mota ko kwale-kwale ko kai mai naƙuda asibiti. A karanta lissafin a bainar jama'a.

Buhun yashi ma akwai yadda ake yin sa. Ba a cika shi dam, rabi ko ɗan fiye da haka ake zubawa, a naɗe bakin a ƙasa, a jera kamar tubali kowane ya hau kan mahaɗar biyun da ke ƙarƙashinsa, a tattake. Faɗin gindin jinga ya kai ninki uku na tsayinta, ledar kuma ta ɓangaren ruwa ake shimfiɗa ta. Jinga ba ta cika karyewa ta sama ba, ta ramin ɓera da gidan gara take fara yoyo. Masu sintiri da dare su riƙa haska bayanta, ɓangaren gari. Ruwan da ke tsattsafowa garau, a sa masa ido. Wanda ke fitowa da laka, jingar ce ke narkewa daga ciki, a kewaye wurin da buhuna nan take, a kuma sanar da gari. Abu ɗaya da zan roƙe ka: kafin ku ɗaga jinga ku zauna da garin da ke tsallake da na ƙasa da ku a gaban hakimi. Ruwan da ka tare wani ka tura wa, kuma an sha yin faɗa, har a je a fasa ta wasu cikin dare.

Tsoron ɓarayi na daga cikin manyan dalilan da ke hana maza tashi, kuma tsoro ne mai tushe. A ware samari masu iya ruwa, da sanin 'yan sanda, su tsaya a wuri mai tudu da kwale-kwale suna zagayawa. In mutum ya san akwai mai duba masa gida, zai tafi.

Ranar fita, a kashe wuta daga mita, kada a taɓa wayar lantarki ko soket da jiƙaƙƙen hannu. Ruwa mai gudu da ya wuce idon sawu kaɗan, santimita 15, ya isa ya kayar da babba, mai zurfin santimita 60 kuma yana tafiya da mota. A riƙa dogara sanda ana taɓa gaba, saboda masai da rijiya da kududdufi duk sun ɓace a ƙarƙashi. Inda dole a ratsa, a ɗaure igiya daga bishiya zuwa bishiya. Kwale-kwale kuma sarkin ruwa ya faɗi adadin da zai ɗauka, kuma maganarsa ta zauna ko wa ya zo. Abin da ya faru a Bagwai a ƙarshen Nuwamban 2021, inda jirgi ya kife da ɗaliban Islamiyya, lodi ne ya yi yawa. Jarkar da ba komai a ciki, an ɗaure murfinta tam, tana riƙe mutum a saman ruwa in babu rigar ruwa.

Janyewar ruwa ba ita ce ƙarshen haɗari ba, don a nan ne amai da gudawa ke shigowa. Masai ya haɗu da rijiya, duk rijiyar da ruwa ya hau kanta a ɗauka ta gurɓace har sai an kwashe ta an zuba mata sinadari. Ruwan sha a bar shi ya kwanta, a tace da tsumma mai tsabta, a tafasa shi ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, ko a sa sinadari yadda aka rubuta a jira rabin awa. Wanda gudawa ta kama a fara ba shi ruwan gishiri da suga tun a gida: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, wato ledar fiya wata biyu, ƙaramin cokalin shayi shida na suga a shafe, rabin cokali na gishiri. Kada a ƙara gishiri wai don ya fi ƙarfi, yana illa ga yaro. Ana ba shi ana tafiya asibiti, mai shayarwa kuma ta ci gaba da ba da nono. In zawon ya yi fari kamar ruwan shinkafa, ko mutum biyu uku suka kamu a rana ɗaya, a sanar da jami'in lafiya na ƙaramar hukuma a ranar, kada a rufe don gudun abin kunya.

Macizai su ma tudu suke nema, sukan shige rumbu da tarin kara da cikin takalmi. Wanda aka sara kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya. A cire zobe ko awarwaro, a ɗaura wa gaɓar itace don kada ta motsa, a ɗauke shi zuwa babban asibiti. Janareto ko gawayi kuma ba a kunna su a ɗakin da ake kwana, hayaƙinsu na kisa ba a ji ba.

Kada kowa ya koma ɗakin ƙasa da ya sha ruwa sai magini ya duba shi, domin bango na iya faɗuwa kwanaki bayan ruwa ya ja, lokacin da yake bushewa yana tsagewa. Kai kuma tun kuna tudu ka fara rubutu: gida nawa ya faɗi, na wa, mutum nawa ke ciki, gona kadada nawa, dabba nawa, da hoto in an samu. Ka yi kwafi uku, ɗaya wurin dagaci, ɗaya ofishin ƙaramar hukuma don ya kai ga SEMA, hukumar agajin gaggawa ta jiha, da NEMA, ɗaya a aljihunka. Kayan agaji in sun zo, sunayen da aka riga aka rubuta ake bi, kuma unguwar da ta zo da takarda a hannu, liman da wakiliyar mata sun sa hannu a ƙasa, ta fi wuyar a tsallake ta ko a cusa mata sunayen da ba nata ba.